Bayani A Kan Fid Da Tsohon Gam Daga Daɓen Tayil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, sau da yawa idan aka ɗaga tsohon kafet ko leda a masallaci, ko zaure, ko kanti, akan tarar gam ya daskare bisa tayil, yana kama ƙura da tafin ƙafa. Mai gaggawa yakan ɗauko fetur ko asid, ya jawo wa kansa hasara. Gam kuwa iri-iri ne, kowanne da maganinsa.

Na fari shi ne farin gam, wanda aka haɗa da ruwa. Wannan sai a jiƙa tsumma da ruwan zafi da sabulu, a shimfiɗa a kansa kamar rabin sa'a, kana a kankare da makankarin roba, gama ƙarfe yakan karce fuskar tayil.

Na biyu shi ne rawayan gam mai danƙo, irin na masu gyaran takalma. Ruwa ba ya cinsa, sai kananzir ko tina. A shafa kaɗan-kaɗan, tagogi a buɗe, babu garwashi ko fitila kusa. Fetur kam a nisance shi, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa har ya riski wuta a wani ɗaki.

Na uku shi ne na siminti, wanda asid mai rauni ke narkarwa. Amma asid yana cin marmara da tarazo, saboda asalinsu dutsen farar ƙasa ne. Kada kuma a gama shi da ruwan bilic, gama haɗuwarsu tana fid da iska mai ƙona huhu.

Na huɗu, wanda ya fi hatsari, shi ne baƙin gam mai kama da kwalta, da ake samu ƙarƙashin ledar gine-ginen da suka girmi shekarar 1980. Wani yana ɗauke da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke haddasa cutar daji bayan shekaru masu yawa, har Ingila ta haramta shi ɗungum a 1999. Irin wannan ba a goge shi a bushe, ba a sa masa inji. A rufe shi, a nemo masana.

Saura mas'alar tsarki. A mazhabar Imamu Malik hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Saboda haka idan najasa ta taɓa wurin, kananzir da sabulu suna fid da gam ne kawai. Lalle ne a ɗauraye da zallar ruwa kafin a shimfiɗa buzu a ta da salla.

Allah ya sa a dace, amin.