The Human League: Yadda Yaran Sheffield Suka Mamaye Duniya da Na'ura, Sannan Tashe Ya Kuɓuce Musu

A watan Oktoba na 1980 Philip Oakey ya wayi gari da sunan ƙungiya a hannunsa, amma babu makaɗi ko ɗaya. Abokansa biyu da suka kafa The Human League, Martyn Ware da Ian Craig Marsh, su ne suka san kan na'urorin kiɗan, kuma sun kama gabansu bayan doguwar rashin jituwa. Suka bar masa suna, da bashin da kamfanin Virgin ke bin ƙungiyar, da alƙawarin zagayen wasanni a Turai wanda saura kwanaki kaɗan a fara. Mutum ɗaya ya tsaya tare da shi, Adrian Wright, shi kuwa aikinsa haska hotuna a jikin bango lokacin da ake wasa. Jaridun kiɗa na Landan sun riga sun yi wa ƙungiyar jana'iza. Wata 14 bayan haka, waƙarta ce ta ɗaya a duk Birtaniya.

Sheffield gari ne na ƙarfe a arewacin Ingila, garin da wuƙaƙensa da cokulansa suka zaga duniya. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun sun fara durƙushewa, ana sallamar ma'aikata, a 1980 kuma aka yi babban yajin aikin ma'aikatan ƙarfe na ƙasa baki ɗaya. Matashin da ya tashi a garin a lokacin ya san cewa aikin da ubansa ya yi ba zai jira shi ba. Guguwar kiɗan punk da ta taso a 1976 ta riga ta gaya wa matasa cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandamali, ka koyi damƙa uku a jita ka fito. Ware da Marsh, waɗanda ma'aikatan kwamfuta ne, suka ga ko damƙa ukun ma wahala ce. Suka tara kuɗi suka sayi sintasaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki ba daga tsirkiya ko fata ba. Kunnensu yana wajen Kraftwerk na Jamus da kiɗan disko na Giorgio Moroder.

Ya kamata mai karatu ya san irin na'urar da ake magana, don ba irin fiyanon da ake gani yau ba ce. Yawancin masu araha na wancan zamani murya ɗaya suke fitarwa a lokaci guda. Ka danna maɓalli biyu, ɗaya za ka ji. Ba ta ajiye sauti. In ka ɓata yini kana murɗa maɓallai har ka samu amon da kake so, sai ka rubuta matsayin kowane maɓalli a takarda, in ba haka ba gobe ya tafi ke nan. Ganga ma da ita ake haɗawa, a tace hayaniyar lantarki a datse ta har ta yi kama da bugu. Duk waƙa sai an gina ta layi bisa layi a kan tef.

A 1977 suka kafa ƙungiya mai suna The Future, suka rasa mawaƙi, sai Ware ya tuna da abokin karatunsa Oakey, wanda ke aikin tura marasa lafiya a asibiti. Bai taɓa waƙa a bainar jama'a ba. Abin da ya ja hankalinsu shi ne siffarsa: dogo ne, ga wani aski na ban mamaki, gefe ɗaya gashi ya zubo har ya rufe ido, ɗaya gefen a datse. Sabon sunan ƙungiyar kuwa daga wani wasan allo na almarar sararin samaniya suka ɗauko shi. Waƙarsu ta farko, "Being Boiled", ta fito a 1978 a ƙaramin kamfanin Fast Product na Bob Last a Edinburgh, kuma batunta tsutsar siliki ce da ake tafasawa don a zare mata zare. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kasuwa suka sa a gaba ba.

Virgin ya ɗauke su a 1979, suka fitar da kundi biyu, Reproduction da Travelogue. Masu sharhi suka yaba, masu saye suka yi ƙaranci. Abin da ya fi ci musu rai shi ne a shekarar 1979 ɗin Gary Numan, wanda suke ganin ya zo bayansu, ya kai matsayi na ɗaya da kiɗan na'ura. Su suka share gona, wani ya girbe. Daga nan zaman Oakey da Ware ya yi tsami har aka rabu. A yarjejeniyar rabuwar, Oakey ya riƙe suna, ya kuma amince zai ba waɗanda suka fita kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kundi na gaba. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan kaso da wani muhimmanci.

Abin da Oakey ya yi a cikin wannan matsi shi ne ya zama labarin da ake maimaitawa har yau. Ya shiga wani gidan rawa a Sheffield mai suna Crazy Daisy, ya ga 'yan mata biyu suna rawa, Susan Ann Sulley mai shekara 17 da Joanne Catherall mai shekara 18, dukansu 'yan makarantar sakandare. Ba su taɓa waƙa ko rawa don kuɗi ba. Ya nemi su bi shi zagayen wasannin, sai da ya je har gida ya nemi yardar iyayensu. Masoyan ƙungiyar na da, waɗanda suka sayi tikiti don ganin samari masu murtuke fuska a bayan na'urori, ba su ji daɗi ba, a wasu wuraren har jifa aka yi. Amma wannan zaɓi da aka yi cikin gaggawa shi ne ya buɗe wa ƙungiyar ƙofar da ta daɗe tana ƙwanƙwasawa. Muryoyin 'yan matan ba gogaggu ba ne, wani lokaci ma suna ɗan kaucewa, rawarsu kuma irin ta kowace yarinya ce a daren Asabar. Yarinyar da ke kallon talabijin a Leeds ko Glasgow sai ta ga kamar ita ce a wurin.

Sai dai labarin Crazy Daisy ya danne sunan mutumin da a ganina ya fi kowa hannu a nasarar, wato furodusa Martin Rushent. Shi ya yi aiki da ƙungiyoyin punk irin su The Stranglers da Buzzcocks, sannan ya gina situdiyonsa mai suna Genetic a Berkshire ya cika shi da sababbin na'urori. Cikinsu akwai Linn LM-1, na'urar ganga ta farko da ke amfani da amon ganga na gaske da aka naɗa, wadda kuɗinta ya kai kusan dala 5,000. Akwai kuma na'urar Roland ta tsara kiɗa, wadda ake shigar wa kowane sauti da lambobi: tsayinsa, tsawonsa, da inda zai faɗa. Aiki ne na haƙuri, na kwana da kwanaki kan waƙa ɗaya. Aka ƙaro Ian Burden, da Jo Callis wanda a da yake kaɗa jita a The Rezillos, mutumin da ya san yadda ake gina amshin da zai maƙale a ka. Oakey ya kawo murya mai kauri da kalamai, Rushent ya tsaftace komai har ya yi ƙyalli.

Kundin Dare ya fito a Oktoba 1981 da bango irin na mujallar ado ta Vogue, ya kuma hau matsayi na ɗaya. Waƙoƙi uku daga cikinsa sun riga sun ci kasuwa, "Love Action" ma ta kai ta uku. Simon Draper na Virgin ya dage sai an fitar da ta huɗu, "Don't You Want Me". Oakey ya ƙi. A ganinsa ita ce mafi rauni, shi ya sa ma ya ajiye ta a ƙarshen kundin. Waƙar musayar magana ce tsakanin wani mutum da ke gorin cewa shi ya tsamo mace daga aikin hidima a mashaya ya mai da ita wani abu, da ita matar da ke amsa masa cewa ko babu shi da ta kai. Kamfani ya yi galaba, aka fitar da ita a ƙarshen Nuwamba. Ta yi mako 5 a matsayi na ɗaya, ita ce ta fi kowace waƙa ciniki a Birtaniya a 1981, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya da rabi a ƙasar. Tashar MTV, wadda aka buɗe a Agusta na shekarar tana neman abin haskawa ido rufe, ta rungumi bidiyon da Steve Barron ya shirya. A Yuli 1982 waƙar ta zama ta ɗaya a Amurka, ta share wa sauran ƙungiyoyin Birtaniya hanya.

Ba kowa ne ya yi murna ba. A 1982 an yi yunƙuri a ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta Birtaniya na hana amfani da irin waɗannan na'urori, saboda mutum ɗaya da akwati ɗaya yana cinye aikin mutum goma. Wanda ya ga yadda kiɗan fiyano na situdiyoyin Kano ya rage wa masu kalangu da goge kasuwa zai gane wannan fargaba ba tare da an yi masa bayani ba.

Gardamar da aka yi kan "Don't You Want Me" ita ce alamar farko ta abin da zai biyo baya: jagoran ƙungiyar bai gane abin da ya sa mutane ke son ta ba. Da farko abin bai nuna ba, domin "Mirror Man" a 1982 da "Fascination" a 1983 duk sun kai matsayi na biyu. Amma aka samu saɓani da Rushent, ya tattara ya fita. Ƙungiyar ta shiga situdiyon AIR mai tsada a Landan, ta yi ta sauya furodusa, ta yi watanni tana gyaran abin da ba ta san me ke damunsa ba. A da rashin kuɗi da ƙarancin na'ura su ke yanke musu shawara. Yanzu da komai ya samu, sai aka rasa mai cewa ya isa haka.

Kundin Hysteria bai fito ba sai Mayu 1984, shekara biyu da rabi bayan Dare. A kasuwar waƙar matasa wannan tsawon zamani ne. Duran Duran, Eurythmics, Culture Club da Wham! sun riga sun cike gurbin. Sintasaiza kuma ta daina zama abin mamaki; tun da Yamaha ta fito da DX7 a 1983, da sautuka shiryayyu a cikinta, kowane mawaƙi ya samu nasa. Ƙungiyar da ta yi suna da ƙin jita sai ga ta ta fara tallata sabon kundin da "The Lebanon", waƙa kan yaƙin basasar Lebanon mai cike da kukan jita. Ta tsaya a ta 11. Ba mummunar waƙa ba ce, amma mai saye ya kasa gane ko su wane ne waɗannan. Abin haushi, a wannan shekarar Oakey ya yi waƙar fim tare da Moroder, "Together in Electric Dreams", wadda bai ɗauke ta a bakin komai ba, ta kai ta uku, ta fi duk abin da ke cikin kundin ƙungiyarsa tashe. Callis ya fita. Su kuwa Ware da Marsh suna can da ƙungiyarsu Heaven 17, waƙarsu "Temptation" ta kai ta biyu a 1983, Ware ma yana cikin waɗanda suka shirya waƙar da ta dawo da Tina Turner fage, ga kuma kashi ɗaya cikin ɗarin Dare yana shigowa.

A 1986 Virgin ya tura su Minneapolis wajen Jimmy Jam da Terry Lewis, waɗanda suka gama aikin kundin Control na Janet Jackson ke nan. Mutanen nan gwanaye ne, kuma ba su saba a gaya musu yadda za su yi aiki ba. Suka kawo waƙoƙinsu, suka kawo nasu makaɗa da 'yan amshi. Bayan watanni na ja-in-ja ƙungiyar ta koma gida ta bar su suka ƙarasa kundin Crash. Waƙar "Human" ta zama ta ɗaya a Amurka a Nuwamba 1986. A takarda babbar nasara ce. Amma Jam da Lewis ne suka rubuta ta, kuɗin rubutu nasu ne, salon ma nasu ne. Muryar Oakey da ta Catherall kawai aka ara. Wright da Burden suka bar ƙungiyar, aka rage mutum uku.

Daga nan sai gangara. Suka gina situdiyonsu a Sheffield, amma garin kansa ya wuce su: a 1989 aka kafa kamfanin Warp a can, matasa suna rawa da sabon kiɗan na'ura wanda ba ya buƙatar mawaƙi a gaba. Kundin Romantic? na 1990 ya tsaya a na 24, a 1992 kuma Virgin ya sallame su. Sun ɗan farfaɗo a 1995 da kundin Octopus a kamfanin East West, shi da waƙarsa "Tell Me When" duk suka kai na 6, a daidai lokacin da jita ta dawo da ƙarfinta a Birtaniya. Sauyin shugabanni a kamfanin ya sake barin su a waje. Secrets na 2001 ya samu yabon masu sharhi, amma kamfanin Papillon da ya fitar da shi yana gab da rufewa, babu mai tallata shi, ya tsaya a na 44. Credo na 2011 ma a nan ya tsaya, kuma tun daga shi ba su sake fitar da sabon kundi ba.

Oakey, Catherall da Sulley ba su rabu ba. Suna zaune da sana'ar wasan dandamali, suna cika manyan zaure da bukukuwan bazara da mutanen da suka zo jin waƙoƙin 1981 zuwa 1986. A Maris 2014 "Don't You Want Me" ta sake shiga cikin waƙoƙi 20 na sama a Birtaniya, ba don wani abu da ƙungiyar ta yi ba: magoya bayan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Aberdeen ne suka sauya mata kalmomi suna yi wa ɗan wasansu Peter Pawlett kirari, suka yi ta sayen ta bayan kulob ɗin ya ci kofin League Cup na Scotland.