Tsakanin jirgin ruwa da tunkiya

A kan hanyar Bida, a gefen Minna, akwai hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO da aka kafa a 1999, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shi ma ɗan garin ne. Cikin takardun Turanci da hukumar ke bai wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare akwai ta furuci. Abin mamaki, ɗalibi ba ya buɗe baki a wannan jarrabawa. Kalmomi ake jera masa a takarda, ya sa fensir ya zaɓi wadda wasalinta ya yi daidai da na wata.

A nan ake yawan tuntuɓe. Bature yakan bambanta ship, wato jirgin ruwa, da sheep, tunkiya. Haka live da leave, da full da fool. A bakin yara da yawa na Bosso da Chanchaga a Minna kuwa, kowane biyun nan sauti ɗaya ne.

Alhali Bahaushe da wannan bambanci ya tashi. Garin da ake zama cikinsa wasalinsa na farko gajere ne, garin tuwo kuwa sai an ja shi. Dafa abinci daban, dafa kafaɗa daban, kuma ko yaron goye ba ya rikita su. Rubutun boko ne ya ɓoye tsawon, domin ba ya nuna shi, ajami kuwa yakan nuna shi da alif da wawu da ya. Malamin da ya soma darasi da gari da gari kafin ya kai ga ship da sheep ya rage wa kansa rabin aiki, sai dai kaɗan ne ke yin haka.

Sauran rabin shi ne mai wuya. Hausa na da wasula 5, kowanne da gajere da dogo. Turancin Ingila da ake koyarwa a makarantu na da tilon wasali 12 da tagwai 8, kuma ba tsawo kaɗai ya raba su ba. Wajen faɗin ship harshe yakan saki ya ɗan sauko, wajen sheep yakan ɗaga sama ya yi gaba. Wasalin bird ma babu shi a Hausa sam, na cup kuma ya sauya a kalmomin aro, inda tun zamanin Turawa cup ya zama kofi, bucket ya zama bokiti. Irin waɗannan sai yaro ya ji su daga bakin malami ko rediyo, ya yi ta maimaitawa da ƙarfi a cikin aji.