Kogin da Aka Zana da Ɗige-Ɗige

A lokacin zafi na shekarar 1886 miladiyya, wani saurayi mai zane ɗan ƙasar Faransa, Paul Signac, wanda a sa'an nan bai cika shekara 23 ba, ya sauka a Les Andelys, wani ɗan gari a bakin kogin Sen, inda ya zana gaɓar kogin da gidajenta da tuddanta bisa wata sabuwar ƙa'ida da ya ɗauko daga abokinsa Georges Seurat. Ɗaya daga cikin zane-zanen nan yana nan yau a gidan tarihi na Orsay a birnin Faris.

Wanda ya matsa kusa da allon ba zai ga kogi ba, sai ɗige-ɗigen fenti birjik, shuɗi daura da ruwan goro, kore daura da fari, kowane ɗigo yana zaman kansa. Amma da zarar ya ja da baya kaɗan, sai ruwa ya bayyana, inuwar gidaje ta kwanta a kansa, domin haɗin launin da aka saba yi da burushi an bar wa idon mai kallo ya yi da kansa, kamar yadda farin zare da baƙi na saƙi sukan zama launi guda daga nesa. Asalin hikimar kuwa daga marina ta fito, gama Chevreul, masanin da ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins, shi ya bayyana a 1839 cewa launi yakan sake a ido gwargwadon maƙwabcinsa.

Sai dai da'awar masu wannan tafarki, cewa ɗige-ɗige sun fi ba da haske, ba ta tabbata duka ba, domin launuka kishiyoyin juna idan suka narke sarai a ido sukan koma toka-toka. Fa'idar haƙiƙa tana can tsakani, a tazarar da ɗigon bai gama ɓacewa ba, inda fuskar ruwan take ƙyalƙyali kamar tana motsi, alhali kuwa duk sauran abin da ke allon ya tsaya cik. A ganina, wannan ne ya sa kogi ya fi komai dacewa da salon.

Aikin yana cin lokaci ƙwarai. Camille Pissarro, dattijon da ya rungumi tafarkin tare da samarin, ya bar shi wajen 1890, saboda kafin a gama jera ɗigo, hasken da ake so a kama ya riga ya gushe.