Tsofaffin Kayan Ɗakin Kaka a Nyohini: Yadda Ake Gane Su

A Nyohini, ɗaya daga cikin unguwannin Dagombawa na birnin Tamale a arewacin Gana, gidajen bulo da kwano suna ta maye gurbin zagayayyun ɗakunan ƙasa masu jinka. Duk ranar da za a rushe tsohon ɗaki, ko aka zo rabon gadon wata tsohuwa, akan fito da tarkacen da matasan gidan ba su san sunansa ba: ɗan dunƙulen yumɓu mai huda a tsakiya, doguwar ƙwarya mai kama da hannun riga, kwabbai masu rami, wuri cike da tsohuwar tukunya. Mafi yawansu bola suke ƙarewa, na ƙarfe kuma masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna a kan kilo.

Alhali kowanne yana ɗauke da alamar da za ta faɗi aikinsa, wani lokaci har da shekarunsa da ƙasar da ya fito.

Ba mamaki Bahaushe ya ga kayan gidansu a ɗakin Badagombiya. Ƙarni bayan ƙarni fataken Kano da Katsina suna ratsa ƙasar Dagomba ta Yendi zuwa Salaga, suna kai kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa 'yan kasuwar garin zuwa wasu garuruwa, sannan a 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatar mulkinsu ta arewacin Gwalkwas, wato Gana ta yau. Zango ya kafu, aka yi auratayya, kayan hannu suka cakuɗa.

Kuɗi ne suka fi saurin ba da labari. Wuri iri biyu ne. Akwai ƙanana masu ƙulu-ƙulu a gefe, waɗanda aka kwaso daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Akwai kuma masu zobe ruwan ɗorawa a gadon baya, waɗanda 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilarsu daga Zanzibar wajen tsakiyar ƙarni na 19, har yawansu ya karya darajar wuri. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda, kuma buhun wuri 20,000 shi ne keso. Wurin da aka goge bayansa har ya huje, an yi haka ne don a zura shi a zare ko a ɗinke shi a jikin kayan ado.

Kwabo mai rami a tsaka da tauraro mai kusurwa shida da rubutun Larabci kuɗin Turawan mulki ne na Afirka ta Yamma, wanda aka fara bugawa a 1907. Babu hoton sarki a jikinsa, amma akwai sunansa da shekara. Mafi ƙanƙanta shi ne anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, kuma na farko-farko da goran ruwa aka yi su, shi ya sa ba su da nauyi a tafin hannu. Akwai ma na 1936 masu ɗauke da sunan Edward na Takwas, sarkin da ya yi murabus kafin ya cika shekara a gadon sarauta. Idan kuma kan Kwame Nkrumah ne a jiki, to na bayan 'yancin kai ne: Gana ta fitar da kuɗinta a 1958, ta koma sidi a 1965.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne babbar dalar azurfa mai hoton wata mace mai ƙiba, wadda mata suka riƙa maƙalawa a sarƙa ko a narke a yi zobe. Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya. A jikin dalar an rubuta 1780, shekarar da ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗin har cikin ƙarni na 20 da bayansa. Saboda haka ganin 1780 bai tabbatar da cewa ta haura shekara 200 ba.

Kayan kaɗi su ne suka fi ɓacewa daga idon 'yan zamani. Dunƙulen yumɓun nan mai huda, wanda yara kan ɗauka dutsen wuya ne, gululu ne: shi ake zurawa a ƙasan mazari don ya ba shi nauyin juyawa. Yadda ake rarrabe shi da dutsen ado shi ne, ramin gululu ya fi faɗi, kuma jikinsa ya yi nauyin da ba a ratayawa a wuya. Ƙaramin baka da bai isa harba kibiya ba na shiɓar auduga ne. Siririn ƙarfe da ake samu tare da ɗan faffaɗan dutse mai santsi na gurzar auduga ne, a raba ta da angurya. Farin dunƙule mai kama da alli kuwa ƙonannen ƙashi ne da mai kaɗi ke shafawa a yatsu. Daga waɗannan ƙananan kaya zaren ya fito wanda masaƙan Daboya da Yendi suka saƙa aka ɗinka batakari, irin rigar da Nkrumah ya sa daren da ya shelanta 'yancin Gana a watan Maris na 1957.

Doguwar ƙwarya kuma sai an duba bakinta. Idan bakin ya isa hannu ya shiga, cikinta kuma ya rine ja-ja, zunguru ne, wanda amare ke zura hannu a ciki bayan an ƙunsa lalle. Idan siririya ce, a buɗe ta kai da gindi, an yi mata zane, shantu ne na kiɗan mata. Ƙaramin gora mai baƙin ciki ƙirin kurtun tawada ne na almajiri ko malami.

Akwai 'yar kwalba mai tauri da haske-haske wadda mutane kan zaci roba ce. Tandu ne, da fata aka yi shi: a jiƙa fatar, a lulluɓe ta a kan sifar yumɓu, in ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. A ciki ake ajiye kwalli ko garin taba. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke cikin jakar fata tare da tsakuwar ƙanƙara ƙyastu ne, ashanar mutanen da. Ƙahon da aka huda tsininsa na wanzami ne. Ƙaramin kasko na ƙarfe ko yumɓu mai baƙin hayaƙi a leɓe ɗaya fitila ce ta man kaɗe da lagwanin auduga.

Masu aikin gidajen tarihi suna bin matakai kaɗan waɗanda kowa zai iya bi a gida. Da farko a duba abin da aka yi kayan da shi. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagulla ko azurfa, kuma tsatsar tagulla kore ce, ta ƙarfe ja. Sannan a nemi wurin da hannu ya side, domin nan ne mariƙi. A nemi inda hayaƙi ko mai ko rini ya kama. A lura da abin da aka same shi tare da shi, don kayan sana'a ɗaya a wuri ɗaya ake adana su. Kada a kankare shi da yashi ko toka, domin gogewa tana share rubutu da alamar maƙeri.

Mataki mafi muhimmanci shi ne a kai wa tsofaffi. A miƙa wa tsohuwa gululu, hannunta zai nuna yadda ake murza mazari kafin bakinta ya faɗi sunansa. Maƙera da majema na Zangon Tamale, da makaɗan lunga waɗanda ke riƙe da tarihin Dagomba, suna gane abubuwan da hoton waya ba zai fayyace ba. Yana da kyau a rubuta sunan abin da Dagbanci da Hausa, da sunan mai shi, da garin da ya fito, a ajiye takardar tare da shi.

Wasu kayan kuma sun wuce na gida. A Yikpabongo, cikin ƙasar Koma ta arewacin Gana, manoma sun daɗe suna tono mutum-mutumin yumɓu a gonaki kafin masanin tarihin ƙasa James Anquandah ya fara haƙa a wurin a 1985, kuma da yawa sun riga sun sulale zuwa kasuwannin Turai. Dokar Gana ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi, wadda ke kula da babban gidan tarihi na Akara da na Bolgatanga. Wanda ya tono irin wannan a gona ko wajen haƙa harsashin gini, hukumar ce wurin da zai kai rahoto, kuma an fi son ya bar abin a inda ya gan shi har ma'aikatanta su zo su duba.