Me ya sa mutum ke rufe ido idan yana ƙoƙarin tuna wani abu?

A tambayi mutum inda ya ajiye makulli, ko wata lambar waya da ya daɗe bai kira ba, sai a ga ya runtse ido ko ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Haka mai tilawa yake yi idan aya ta kuɓuce masa. Babu wanda ya koya musu, amma masana halayyar ɗan'adam sun gano cewa dabarar tana aiki, har tana iya taimaka wa masu binciken laifi.

A shekarar 2015, Dokta Robert Nash da abokan aikinsa a Jami'ar Surrey da ke Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 178. An nuna wa wasunsu fim ɗin wani mai gyaran lantarki da ya shiga gidan mutane, yana aiki yana ɗan hali. Da aka zo yi musu tambayoyi kan abin da suka gani, amsoshin daidai na waɗanda suka rufe ido sun zarce na sauran da kashi 23 cikin 100.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Aikin da ƙwaƙwalwa za ta iya yi a lokaci guda yana da iyaka, kuma muddin ido na buɗe, tana ta faman tantance abin da yake kawo mata: motsi, launi, da uwa uba fuskar mai tambaya, wadda ba ta iya barin karanta ta. Idan aka rufe ido, sai ta samu sararin sake zana abin da ya wuce.

Wani bincike da Annelies Vredeveldt ta jagoranta a Jami'ar York a 2011 ya ƙara nuna cewa abin da ke gilmawa a gaban ido ya fi dagula tuna abin da aka gani, surutu kuma ya fi dagula tuna abin da aka ji. Ke nan yaron da ya kawar da kai lokacin da malami ya jefa masa tambaya mai wuya, ba lallai raini ba ne. Wataƙila lissafi yake yi.

Sai dai akwai sharaɗi. A gwajin Surrey, waɗanda mai tambaya bai fara sakin jiki da su ba sun ce rufe idon ya takura su. Wa zai so runtse ido a gaban baƙon da bai yarda da shi ba, balle a ofishin 'yan sanda?

Idan rufewar ta yi tsawo kuma, abin ya kan wuce batun natsuwa. A Jami'ar Harvard ta Amurka, an ɗaure wa masu lafiyar ido fuska kwana biyar ana koya musu rubutun makafi na Braille. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna cewa sashen da ke kula da gani ya koma amsa abin da yatsu suka taɓa. Kwana ɗaya bayan kwance ƙyallen, sauyin ya gushe.

Ido ma yana iya toshe kunne. Masu bincike a University College London sun nuna a 2015 cewa idan mutum ya duƙufa kan aikin kallo mai wuya, ƙwaƙwalwarsa na rage amsa sautin da kunnensa ya ji sarai. Shi ya sa wanda ya kafa wa waya ido za a kira shi sau uku bai waiga ba, ya kuma rantse cewa ba a kira shi ba. Direban da ke neman wani gida a unguwar da bai sani ba, shi ma hannunsa kan tafi wajen rage ƙarar rediyo tun kafin ya yi tunanin dalili.