Idan babu sabis, ina manhaja za ta ajiye rajistar aikinta?

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa. Duk manhajar da ba ta iya aiki sai da intanet ta tsaya cak. Mai rubuta manhaja don irin wannan yanki dole ya tanadi inda za ta riƙa rubuta abin da ta yi a cikin wayar kanta, har ranar da sabis ya dawo.

Rajista mai tsari ita ce wadda kowane abu ke da gurbinsa: lokaci, irin aikin, lambar na'ura, sakamako. Tsarin XML, wanda ya fito a 1998, yana yin haka da alamar buɗewa da ta rufewa, kuma mutum na iya karanta shi da ido. Amma yana da wani aibi. Dole dukan fayil ɗin ya kasance cikin babbar alama guda da ake rufewa a ƙarshe. In ana ta ƙara rubutu cikin fayil ɗaya sai batir ya mutu a tsakiya, alamar ba ta rufu ba, manhajar da za ta karanta shi sai ta ƙi shi baki ɗaya. A garin da cajin waya sai an je shago, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

ODK Collect, da ma'aikatan lafiya ke cike fom da ita, ta kauce wa matsalar: kowane fom fayil ɗinsa na XML daban, da lambar shaida ta musamman, don kada a ƙirga shi sau biyu in an sake turawa. Jerin fom ɗin kuma yana cikin rumbun bayanai na SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android. SQLite ko dai ya rubuta abu cikakke, ko ya bar shi kamar ba a fara ba.

A ganina rajista ta zauna a SQLite, a fitar da ita XML lokacin turawa kawai. Kuma kada a saka sunayen mutane ko wurin da suke ba tare da an kulle su da makulli ba, domin a hanyar Isa zuwa Sabon Birni waya na iya faɗawa hannun da bai dace ba.