Fayil Ya Kafe a Kashi 99: Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

A kasuwar waya ta Dilimi da ke Jos, babu abin da ke ɓata wa mai gyara rai kamar fayil ɗin fulashin da ya ƙi ƙarasa saukowa. Manhajar wayar Samsung guda takan haura gigabait 4. Mai waya na tsaye, data na ƙonewa, sai kawai a ce masa, “Alhaji, netwok ne.” Wani sa'in gaskiya ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Amma ranar da sauran shafuka ke buɗewa lafiya, abin zargi na farko shi ne wata kwamfuta da ke tsakiya, wadda ake kira furokzi.

Aikinta irin na dillali ne. Ita ke karɓar buƙatar mutum ta kai, ta karɓo kaya ta miƙo masa. Jos ta daɗe da saninta. Cliff Missen, Ba'amurken da ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya sha fama da jinkirin intanet a can, daga baya shi da abokan aikinsa suka samar da eGranary, rumbun da ke ajiye kwafin shafuka, furokzi na miƙa wa ɗalibi su ko babu intanet.

Furokzin yau ba a jami'a da ofisoshi kaɗai suke ba. Lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a sun yi rububin sa VPN, wanda shi ma ta wata kwamfuta yake zagayawa da mutum. Ga kuma manhajojin samun data ta bayan fage, da matasa ke tura wa juna.

Inda fayil ya tsaya shi ke tona asirin cutar. Idan ƙananan fayiloli na wucewa amma babba ya kafe tun daga farko, a duba girman ƙunshi. Intanet na yanka saƙo gunduwa-gunduwa, yawanci kowace ba ta wuce bait 1,500 ba. VPN na ƙara nasa rubutun a kan kowace, sai ta fi ƙarfin hanya, a yar da ita. Ya kamata a aiko wa mai turawa sanarwar ya rage girma, to amma wasu na'urorin tsaro na tare sanarwar, sai ɓangarorin biyu su zauna jiran juna. Rage adadin MTU, wato iyakar girman kowace gunduwa, zuwa kamar 1,400 kan warware wannan.

Tsayawa dab da ƙarshe kuwa labari ne daban. Wata furokzi ba ta sakin ragowar fayil sai ta gama bincikar ƙwayar cuta a ciki, don haka haƙurin 'yan mintoci ya isa. FTP, tsohuwar hanyar tura fayil tun 1971, layi biyu take buɗewa: ɗaya na umarni, ɗaya na kaya. Yayin da kaya ke tafiya, na umarni shiru yake, sai furokzi ta ɗauka an gama da shi ta katse. Kaya sun iso, babu ta inda za a tabbatar. A FileZilla, manhajar tura fayil ta FTP, akwai wurin kunna saƙon da ke hana layin yin shiru, da wurin ƙara lokacin jira daga daƙiƙa 20.

Lambobin kuskure ma na magana: 407 na nufin furokzi na neman kalmar sirri, 413 abin da ake turawa ya wuce iyakar da aka sa, 504 kuma ta gaji da jiran ɗaya ɓangaren.

Gwaji mafi arha shi ne a kashe VPN, a cire furokzi daga saitin burauza, a sake gwadawa ta layin wata waya. In ya wuce, an gano mai laifi. Manhaja irin Internet Download Manager na iya ci gaba daga inda aka tsaya, muddin ɗaya ɓangaren ya yarda.

Mai gyara dai kada ya kuskura ya ɗora fayil ɗin da aka sha wuya kafin ya sauko ba tare da ya gwada girmansa, ko lambar tantancewarsa ta MD5, da abin da masu shi suka rubuta ba. Fayil mai giɓi na iya kashe wayar mutane gaba ɗaya.